Kokon Da Na Dama Wa Mumuni A Jamus

Tun da na dawo ƙofar ɗakina ba ta huta ba. Wata ta zo sannu da zuwa, wata ta zo ta gani ko na yi fari, wata so take ta ji ko da gaske ne ƙanƙara na zubowa daga sama kamar gari. A wurin suna a tare ni, a wurin makoki a tare ni, har a cikin motar haya ta trotro daga mahaɗar Kawukudi wata da ban san sunanta ba ta dafa ni, wai in ba ta labarin Jamus. Na gaji da ba da shi gutsure-gutsure, kowace ta tafi da nata ta ƙara gishiri. Shekaranjiya na ji ana cewa wai wuta aka zura wa ɗana a ciki. Shi ya sa na zaunar da 'yata Zenabu da biro da takarda. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma kunnena lafiya lau yake. Na ce mata duk abin da ta rubuta sai ta karanta mini, don na san ta da son gyara wa mutum magana.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Adiza mai koko ta unguwar Nima. Mumuni ɗana ne na uku, shekararsa goma sha ɗaya a Jamus. Matarsa Memuna 'yar unguwar Maamobi ce, daga baya ta bi shi.

Ya saba aiko mini da kaset ta hannun masu zuwa gida daga can, waɗanda muke ce wa boga. Ran nan Zenabu ta sa kaset, sai na ji muryar Memuna maimakon tasa. Ba ta gama gaisuwa ba na ce a kashe, in nemi wuri in zauna tukuna. Da aka sake kunnawa, ga abin da ta ce. An ga ƙari a hantarsa, ya kai ƙwan zabo. Likitoci sun ce wuƙa ba za ta yiwu ba, domin hantar ta riga ta gaji tun ciwon shawarar da ya yi yana saurayi. Amma akwai asibitin da ya fara wata sabuwar hanya, ana gasa ƙarin da haske mai ƙarfi ba tare da an tsaga mutum ba, kuma sau ɗaya tak ake yi. Ta ce shi bai so a gaya mini ba. Ta ce in zo.

Zancen biza ba zan ja shi ba. Sau uku ina zuwa layi. Baturiyar da ke bayan gilashi ta sa aka tambaye ni me zai tabbatar mata zan dawo. Na ce a gaya mata ban ga abin da zan zauna yi ba a garin da ba a shan koko. Ko tafintan ya faɗa mata haka, ko ya gyara, ban sani ba. Na dai dangwala yatsa, aka ba ni.

Da labari ya bazu, rabin unguwa ta tuna tana da ɗa a Turai. Wata ta kawo shito a kwalba, wata ta kawo wasiƙa, wata ta kawo ƙullin da ta ƙi gaya mini abin da ke ciki. Wasiƙu na karɓa, sauran na mayar. Kayana na kaina ba su da yawa: kilishi, daddawa, citta da kanumfari da masoro, sai gasarar gero da na tace da hannuna na shanya ta kwana huɗu har ta bushe ƙarau, na zuba a leda uku.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata Ba'asantiya, Anti Akosuwa, mai zuwa sayo tsofaffin firji tana kawowa unguwar Adabraka. Ita ta ɗaure mini ɗamarar kujera, ita ta raka ni bayi. Ba ta gaya mini ƙarar da bayin ke yi ba, sai da na danna na ji kamar zai haɗiye ni da zanina, na fito na same ta tana dariya. Abincin da aka kawo ban yarda da namansa ba, burodi kawai na ci. Salla a zaune na yi ta, ban san inda gabas take ba.

A bakin shiga ƙasar ne na fara ganin tashin hankali. Fasfo ya wuce lafiya. Wajen kaya wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Aka kai ni wani ɗaki, aka zazzage komai a kan tebur. Kilishi suka jefa a kwandon shara ina kallo. Daddawa kuwa ma'aikacin yana buɗewa ya ja da baya, ita ma ta bi kilishi. Sai suka zo kan gasara. Suka dubi farin dunƙulen, suka dubi juna, ɗaya ya ɗauki waya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san fuskar wanda ya ga ɓarawo. Abin da ke raina shi ne za a mayar da ni jirgi, ɗana yana bayan bangon nan ban gan shi ba. Na yi ta kiran sunan Akosuwa har aka nemo ta. Ta yi musu Turanci, ta yi mini yarensu na Tuwi, wai hodar ibilis suke zato. Na gutsuri gasarar na tauna a gabansu. Na nuna a kawo ruwan zafi in dama su gani, ba su kawo ba, sai suka ɗiga wa ɗan gutsure wani ruwa a kwalba suka tsaya kallo. Bai canza launi ba. Awa biyu aka yi kafin a mayar mini da ledojina uku. Akosuwa ta rasa jirgin ƙasanta saboda ni, ba ta kuma nuna mini a fuska ba. Allah ya saka mata.

Memuna kaɗai na tarar a waje, da wata ƙatuwar riga a hannu da ta rufa mini. Na tambayi Mumuni, ta ce hawa da sauka na ba shi wahala.

Gidansu hawa na huɗu ne, ɗaki biyu. Da ya buɗe ƙofa na ga wuyansa ya yi tsawo, wandon yana yawo a ƙugunsa. Ya durƙusa zai gaishe ni, na ce ya tashi. Ban yi kuka ba. Na kama haɓarsa na juya fuskar wajen taga na duba idon. Fari ne. Mu a nan mun san ciwon hanta, in ido ya yi ruwan ɗorawa magana ta yi nisa.

Zaman gidan wani iri ne. Mutum ashirin a bene ɗaya, ba mai sanin kwanan wani. Na gaida wani dattijo a matakala, ya dube ni kamar na roƙe shi wani abu. Shara kala-kala ce, kwalba da wurinta, takarda da wurinta, na kuwa haɗa su har sau biyu, Memuna ta bi ta rarrabe. Da yamma burodi mai tauri suke ci da sanyinsa, su ce sun ci abinci. Ranar Lahadi na ɗauki ƙaramin turmin Memuna zan daka citta, bugu biyar na yi tsohuwar da ke ƙasanmu ta fara dukan rufinta da sandar tsintsiya. A Nima in maƙwabciya ba ta ji dakanki ba sai ta leƙo ta ga ko lafiya. Murhunsu kuma ba ya da harshen wuta, wani baƙin faranti ne da ke zafi a ɓoye. Ranar farko na ɗora tafin hannu in ji ko ya kama. Ya kama. Kwana biyar ban sake zuwa kusa da shi ba.

Ni da Memuna ba mu taɓa faɗa ba, ba mu kuma taɓa sabawa ba. Ba ni na zaɓa masa ita ba. Hausarta irin ta yaran Zango ce, ko mace ce ta zo sai ta ce "ya zo", rabi Tuwi rabi Turanci, yanzu ga Jamusanci ya shiga. Ni iyayena daga Katsina suka zo, kunnena ba ya jure wannan, nakan gyara mata ko a gaban mijinta. Amma ita ce bakinmu a asibiti. Tana fita aikin sharar ofisoshi tun gari bai waye ba, ta dawo ta kai shi, ta dawo ta dafa.

Kwana uku da zuwana aka kira shi awo. Ranar Memuna ba ta je aiki ba, muka fita da sassafe ba wanda ya karya. Wurin a ƙarƙashin ƙasa yake. Likitar mace ce, doguwa, siririya, ba ta da yawan murmushi, abin da ya sa na yarda da ita ke nan. Suka kwantar da shi a cikin wani akwati marar murfi, kan wata jaka mai cike da ƙananan ƙwayoyi, suka zuƙe iskar jakar har ta sandare da siffar bayansa. Suka kawo wani faranti suka ɗaura masa a ciki, suka murɗa har numfashinsa ya koma sama-sama. Memuna ta ce hanta tana hawa tana sauka da numfashi, dole a danne ta ta tsaya wuri ɗaya. Suka zana masa alamomi a ƙirji da tawada, suka tura shi cikin na'urar hoto.

Bayan nan likitar ta liƙa hoton a bango mai haske ta yi mana bayani, Memuna na juyawa. Ta ce da za a haska hantar duka da ƙarfin da zai kashe ƙarin, hantar ce za ta fara mutuwa. Don haka za su harbo hasken ta hanyoyi da yawa, kowanne marar ƙarfi, duk su haɗu a kan ƙarin. Na ce kamar Kawukudi ke nan, kowace hanya mota kaɗan take kawowa, a mahaɗar ake cushewa. Mumuni ya yi dariya, ya ce haka ne. Sai likitar ta sa bakin biro a gefen ƙarin ta nuna wani abu a lanƙwashe. Ta ce tumbinsa ne. Tsakaninsa da inda hasken zai haɗu bai fi faɗin yatsa ba, kuma tumbi ba ya jure wannan hasken, hujewa yake yi. Na riƙe wannan a raina. Aka sa rana, mako biyu.

A cikin mako biyun nan na koyi murhun. Na fara dama masa koko kullum da safe, shi ne kaɗai abin da ke zama a cikinsa. Har kumatunsa suka ɗan ciko.

Ana gobe za a yi, Memuna ta ɗauko takardar asibiti ta duba, ta ce mini, "Mma, daga daren yau ba zai ci komai ba sai an gama." Na ce to. Ta ce za ta je aiki, ta same mu a can ƙarfe tara.

Da safe na dube shi yana sa takalmi. Na ce a raina mutumin da za a danne wa ciki awa guda ba zai je da yunwa ba. Na ɗora ruwa, na dama koko mai kauri, na sa citta sosai saboda sanyi. Na miƙa masa kofi. Ya ce ai an hana. Na ce, "An ce kada ka ci. Tuwo na ba ka? Sha." Ya dube ni, ya dubi kofin. Duk wanda ya san ni ya san 'ya'yana ba sa mayar mini da hannu. Ya shanye. Na ƙara masa, ya shanye wannan ma.

Ku da kuke ji, ku faɗi gaskiya, wace ce a cikinku ta taɓa cin koko? Koko shan sa ake yi. Har muka hau jirgin ƙasan cikin gari muka sauka, raina bai ba ni na yi wani laifi ba.

Muka tarar da Memuna da kayan aikinta a jiki. Muna zaune wata nas ta zo da takarda tana yi masa tambayoyi. A kan ɗaya ya ba da amsa gajeriya, idonsa na kan takalminsa. Ni na haife shi. Tun yana yaro in zai yi ƙarya takalminsa yake kallo. Na taɓa Memuna na ce me aka tambaye shi.

"Ta ce ko ya sa wani abu a cikinsa tun jiya."

"Wani abu kamar me?"

"Komai, Mma. Ko ruwa, sai kurɓi ɗaya na haɗiye magani."

"Jiya ba haka kika ce ba. Kin ce ba zai ci ba."

"Ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne."

Ta dube ni, ta dubi mijinta, sai na ga fuskarta ta sauya. Nas ɗin ta riga ta juya, tana yi masa alama ya biyo ta. Ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce in rufa masa asiri in yi shiru. Ya ce mako biyar yana jiran wannan ranar, in ta kuɓuce bai san ko jikinsa zai kai wata ba. Ya ce koko ruwa ne, ya riga ya wuce. Ya juya ga matarsa ya ce kada ta buɗe baki. Ya bi nas ɗin, ƙofa ta rufe.

Na zauna. Ban san tsawon zaman ba, amma ina jin agogon bango. Da kokon wata ne, wataƙila da na yarda ya wuce. Amma na fi kowa sanin kokona. Masu dakon kaya a kasuwa suna shan kofi ɗaya da safe, ya riƙe su har azahar. Shi biyu ya sha, ba a kuma yi awa biyu ba. Na tuna bakin biron likitar da faɗin yatsan nan. In na yi magana, na ɓata masa ranarsa, wataƙila ita ce ta ƙarshe. In na yi shiru, za a harba wuta kusa da tumbin da ni na cika.

Na ce wa Memuna ta tashi ta faɗa musu. Ta ce, "Mma, kin ji abin da ya ce." Hawaye na zuba, amma ba ta motsa ba. Ban ga laifinta ba, mijinta ne.

Sai na tashi da kaina. Na tura ƙofar da aka hana mu shiga. Wani ma'aikaci ya tare ni, na ratsa ta gefensa. Ga Mumuni kwance a cikin akwatin, suna murɗa farantin. Na tsaya gaban likitar, na dunƙule hannu kamar kofi na kai baki, na ɗaga yatsa biyu, na nuna cikinsa, sannan na bugi ƙirjina. Na sake yi. Mumuni ya kira ni da wata murya da bai taɓa kira na da ita ba. A lokacin ne na ji Memuna a bayana tana Jamusanci da sauri.

Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi mene ne, da me ake yi, ƙarfe nawa. Ta sa aka tura shi na'urar hoto yadda yake a ɗaure. Da hoton ya fito ta liƙa shi kusa da na ranar awo, ta kira mu. Ba sai an yi mini tafinta ba. Abin da ke lanƙwashe a na farko ya kumbura a na biyu, ya jingina da ƙarin, ya shiga har cikin zanen da suka yi wa hasken. Ta sa biro a wurin ta bar shi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mumuni ya roƙa a jira zuwa la'asar. Ta ce daga azahar ɗakin na wasu majinyata ne, kuma aikinsa mutum shida yake tarawa. Rana mafi kusa kwana tara. Ta ƙara da cewa ana gobe za su sake gwada jininsa. In hantar ta ja baya, ba za su yi ba, domin hasken zai ƙarasa ta.

Muka koma gida. Kwana uku Mumuni bai ce mini komai ba bayan gaisuwa. Yana shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ban bi shi da ban haƙuri ba, ban iya ba, kuma ban san wanne zan ba da haƙuri a kai ba, kokon ko tonon asirin. Abin da na iya shi ne kullum da safe in kama haɓarsa in juya wajen taga. Yana barina, ba ya kallona. Rana ta biyar na ga kamar gefen idon ya sauya. Na kira Memuna, ta duba, ta yaye labulen gaba ɗaya, ta ce launin labulen ne. Na sa ta kai shi wata tagar. Fari ne, amma ba farin ranar da na zo ba, ko kuwa idona ne, har yau ban sani ba.

Rana ta bakwai Memuna ta dawo daga aiki ta zauna kusa da ni da takardar asibitin. Ta ce za ta karanta mini layi-layi, in tambaye ta duk abin da ban gane ba. Muka yi ta bi. Na ce ruwa fa? Shayi fa? Goro fa, in an tauna an tofar? Rubutun da malam ya ba ni in kawo masa fa? Abin da ba ta sani ba ta ɗauki waya ta tambayi asibiti ina zaune. A cikin karatun wajen ambaton likitar ta ce "ya ce" ya fi sau goma. Ban gyara mata ba.

Sakamakon jinin ya fito ana gobe da la'asar. Likitar ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce ya ɗan hau, yana bakin iyaka. Ta fita ta yi shawara da wani, mu uku muna zaune ba mai kallon wani. Ta dawo ta ce za su yi.

Ranar ba a ɗora tukunya a gidan ba. Ni ma ban sa komai a bakina ba. Da nas ta zo da tambayoyinta, ta yi masa, sannan ta juyo ta dube ni. Na girgiza kai. Suka ɗaure shi, suka yi hoto, likitar ta fito ta ɗaga mini yatsa ɗaya a kwance, wato faɗin nan ya dawo.

Ƙofar ɗakin kaurinta ya kai bango, inji ke ja ta. Kowa ya fito aka bar shi shi kaɗai. Likitar ta sa aka ba ni kujera a inda suke zama, gaban wani ƙaramin talabijin. Ina ganin sa a ciki, ƙanƙane, hannuwansa a sama da kai. Kan na'urar ya juya, ya tsaya, ya yi ƙugi, ya yi shiru, ya sake juyawa. Ba wuta, ba hayaƙi, ba abin da ido ke gani. An ce masa ko ƙaiƙayi ya ji kada ya motsa. Ina jan carbi, idona na kan ƙafarsa. A tsayawa ta huɗu na ga ƙirjinsa ya yi tsalle, tari ne ya kama shi. Kafin in nuna, sun riga sun kashe. Ƙofar ta ɗauki shekara tana buɗewa. Suka shiga suka duba alamomin tawadar ɗaya bayan ɗaya, suka fito, aka ci gaba. Memuna ta riƙe gefen mayafina, ba ta san ta riƙe ba.

Ya fi awa guda. Da aka kwance shi ba rauni, ba ƙuna, sai shatin farantin a cikinsa. Ya kasa tsayawa, ƙafarsa ta mutu. Ma'aikacin ya miƙa masa hannu, sai ya ce, "Mma, kama ni." Na kama shi.

Ya yi amai da yamma, ya yi mako biyu yana barci kamar jariri. An ce ba za a san ko ƙarin ya mutu ba sai an yi hoto bayan wata uku. Bizata ba ta kai nan ba. Na baro musu leda ɗaya ta gasara, na nuna wa Memuna yadda ake damawa kada ya yi gudaji. Dawowa ba abin da ya faru, sai jakata da ta kwana biyu a wata ƙasa.

Mun yi da su ranar Juma'ar da hoton zai fito zan je wurin buga waya na Maamobi bayan an sauko daga masallaci. Na je tun kafin a tafi. Da wayar ta yi ƙara mai wurin ya miƙo mini, na ji muryar Mumuni daga nesa, tana zuwa tana yankewa. Ya ce ƙarin ya motse, abin da ya rage tabo ne. Ya ce tumbin lafiya. Ya ce in daina damuwa, komai ya wuce.

Na ce, "Ba ni Memuna."

Ya ce ai abin da za ta faɗa ke nan. Na ce na ji, ya ba ni ita.

Ta karɓa. Na ce ta gaya mini abin da likitar ta ce, kada ta rage, kada ta ƙara. Ta ce ƙarin ya motse da gaske, da idonta ta ga hotunan biyu. Tumbin bai taɓu ba. Amma likitar ta ce hantar tana nan da gajiyarta, wani na iya fitowa a wani gefen, don haka duk wata uku sai ya koma hoto, kuma ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Na ce idonsa fa?

Ta ce, "Fari ne, Mma. Kullum ina kai shi taga."

Na miƙa wa mai wurin wayarsa. Akwai mutane a layi, amma sai da na zauna a bencinsa har aka kira la'asar kafin in tashi in kama hanyar gida.